Daga Fihirisar Bagadaza Zuwa Ƙwaƙwalwar Na'ura: Tarihin Ajiye Bayani Inda Za a Same Shi

 

Da yawa daga cikinmu sun fara jingina da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen aikin rubutu. Wani ya sa ta duba masa kurakuran ƙa'idar rubutu, wata ta sa ta taƙaita mata babi goma da ta riga ta rubuta, wani kuma ya tambaye ta tarihin garin da zai kafa labarinsa a ciki. Duk wanda ya ɗan daɗe yana hulɗa da su kuwa ya san wani hali nasu. Mutum zai gaya wa manhaja ranar Litinin cewa jarumar labarinsa marainiya ce, a hannun kakarta ta tashi, ranar Alhamis kuma ta ba shi shawarar yadda mahaifin yarinyar zai shigo gida yana faɗa. Sai a rasa dariya za a yi ko tsaki.

A wurinmu abin bai wuce ɓata lokaci ba. A wurin masu ƙera manhajojin ya fi haka nauyi, domin yanzu sun wuce matakin hira, suna gina abin da za mu kira ɗan aike: manhajar da ake danƙa wa aiki mai tsawo, ta buɗe fayiloli, ta yi bincike a intanet, ta rubuta, ta gyara, ta shafe sa'o'i ko kwanaki ba tare da an tsaya a kanta ba. Ɗan aiken da ya manta saƙo a hanya kuwa kowa ya san ƙarshensa. Shi ya sa ɗaya daga cikin manyan tambayoyin da ke gabansu ita ce yadda za a tsara ƙwaƙwalwar ɗan aiken nan, ta yadda abin da ya taɓa sani zai zo hannunsa a daidai lokacin da yake bukatarsa.

Wurin ajiya ba shi ne damuwar ba, tunda ɗan katin da ke cikin wayarmu ya isa ya haɗiye dubban littattafai. Nemo abin da aka ajiye shi ne aikin. Wannan wahala ta girmi kwamfuta da fiye da shekara 2,000, masu laburare da malamai da marubuta sun sha fama da ita, sun kuma bar mana dabarunsu. Waiwaye adon tafiya ne, don haka bari mu bi sawunsu.

ALLON DA AKE WANKEWA

Da farko mu gane inda cutar take. Irin wannan manhaja tana da sani iri biyu. Akwai wanda ta samu lokacin horo, daga ɗimbin rubuce-rubucen da aka ɗura mata, kuma wannan ya riga ya daskare, hirarmu da ita ba ta ƙara masa komai a nan take. Akwai kuma abin da ke gabanta yanzu, wato rubutun da take iya gani lokaci guda: tambayarmu, amsoshinta na baya, da duk takardar da muka liƙa mata. Wannan na biyun kamar allo yake. Yana da iyaka, idan ya cika dole a goge wani abu, da an rufe hira an buɗe sabuwa kuma an wanke shi ke nan.

Da guntayen kalmomi ake auna girman allon. GPT-3 da ya fito a 2020 guntaye 2,048 allonsa ke ɗauka, abin da ko wannan maƙala ba zai cinye ba. A watan Mayun 2023 allon Claude ya kai guntaye 100,000, a Fabrairun 2024 kuma Google ya nuna Gemini 1.5 mai ɗaukar miliyan 1. Amma faɗin allo bai kashe maganar ba. Tun a 2023 wasu masu bincike, Nelson Liu na Jami'ar Stanford na gabansu, suka yi gwaji: suka ɓoye amsar wata tambaya cikin tarin takardu, suna sauya mata wuri. Idan amsar tana farkon tarin ko ƙarshensa, manhajojin sukan fi gano ta. Idan tana tsakiya, kuskure ya fi yawa. Wato abu yana iya kasancewa a kan allon kuma ido ya tsallake shi. Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin nauyi, domin yawancin manhajojin sun fi daddatsa kalmar Hausa gida-gida fiye da ta Ingilishi, don haka rubutunmu ya fi saurin cika allo.

Mafitar da aka kama ita ce a ajiye bayanai a wani rumbu na waje, a riƙa ɗebo kaɗan ana ɗorawa a kan allo idan bukata ta taso. To wanne za a ɗebo, kuma ta yaya za a san inda yake? Tambayar masu laburare ke nan tun fil azal.

ISKANDARIYYA DA BAGADAZA

A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarakunan Girkawa da ke mulkin Masar sun tara littattafai masu ɗimbin yawa a birnin Iskandariyya. Littafin wancan zamani naɗaɗɗiyar takarda ce, kamar an naɗe tabarma, kuma rubuce-rubuce da yawa ba su da tsayayyen suna. Wani mawaƙi kuma malami mai suna Kalimakus ya tsara musu jagora da ake kira Pinakes, ma'ana alluna, wanda shi kansa ya kai naɗi 120. Ya raba ilimi fanni-fanni: waƙa, wasan kwaikwayo, shari'a, falsafa, tarihi, likitanci da sauransu, har da wani rukuni na tarkace. A ƙarƙashin kowane fanni ya jera marubuta bisa harafin farko na sunansu, da ɗan tarihin kowa, da ayyukansa. Ga kowane aiki kuma ya rubuta kalmomin da ya fara da su da yawan layukansa. Kalmomin farko su ne shaidar da za a gane littafi da ita ko da ba shi da suna, yawan layuka kuma shi zai nuna ko kwafin da ke hannu cikakke ne.

Bayan sama da shekara 1,200, a Bagadaza, wani mai kwafa da sayar da littattafai, Ibnun Nadim, ya yi irin wannan aiki da Larabci. Ya kammala Kitabul Fihrist a shekara ta 377 bayan Hijira, wato 987 Miladiyya. Ya kasa shi gida 10, ya fara da harsuna da rubutunsu da saukakkun littattafai, ya bi ta nahawu, tarihi, waƙa, fiƙihu da falsafa, har ya kai ga tatsuniyoyi, inda ya ambaci littafin Farisawa da ya zama tushen Dare Dubu da Ɗaya. Da yake ɗan kasuwa ne, yakan faɗi yawan fallayen diwanin mawaƙi, don kada a sayar wa mutum rabi a ce masa duka ne. Yawancin littattafan da ya lissafa sun ɓace, ta bakinsa kaɗai aka san an taɓa rubuta su. Kalmarmu ta fihirisa ma daga wannan tushe ta fito.

Abin da mutanen nan biyu suka gane shi ne, tarin kaya yana bukatar wani ɗan rubutu a bakin ƙofa, wanda ya fi kayan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ana iya karanta shi da sauri, kuma yana faɗin abin da zai sa mutum ya yanke shawarar ya shiga ya ɗauko ko ya bari.

KOWANE ABU DA ADIRESHINSA

Fihirisa tana kai mutum ga littafi. Cikin littafin fa? Wajen shekarar 1230, wasu limaman Kirista a Paris, ƙarƙashin Hugh na Saint-Cher, suka jera kalmomin Baibul na Latin bisa haruffa, kowace kalma da wuraren da ta fito. Aikin ya yiwu ne saboda ba da daɗewa ba aka raba littafin zuwa surori masu lamba, su kuma suka ƙara raba kowace sura gida bakwai. Sai da wuri ya samu suna kafin aka iya nuna shi.

Ɗaliban hadisi a cikinmu sun san Mu'ujamul Mufahras, wanda ya jera kalmomin littattafan hadisi tara. Wani malamin Jami'ar Leiden ta ƙasar Holand, Arent Jan Wensinck, shi ya assasa aikin. Juzu'in farko ya fito a 1936, shi ya rasu a 1939, juzu'i na 7 kuma sai a 1969 ya fito. Babbar matsalarsu ita ce kowane bugu da lambar shafinsa, wanda aka ce masa ya duba shafi na 200 a bugun Alƙahira, wani abu dabam zai gani a bugun Indiya. Don haka suka riƙa nuni da sunan kitabi da lambar babi ko ta hadisi. Malamin nan na Masar, Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, ya fitar da bugun Sahihu Muslim da Muwaɗɗa da Sunanu Ibni Majah masu lambobi da suka dace da wannan tsari, kuma shi ne ya tsara fihirisar kalmomin Alƙur'ani da ta fito a 1945. Darasin a fili yake: nuni ba ya aiki sai adireshin da ake nunawa ya tsaya wuri guda.

Malamanmu na ƙasar Hausa da Barno suna da tasu dabarar. Ba a cika ɗinke littattafansu ba, falle-falle ake barinsu cikin gafaka, abin da ke ba wa ɗalibai da yawa damar raba littafi guda suna kwafa. Don kada fallaye su rikice, mai rubutu yakan sa kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gama. Ko iska ta watsa takardun, kowane falle yana riƙe da hannun ɗan uwansa. Mu riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a Jamus.

ZAMANIN KATI

Marubutan Turai sun daɗe suna ajiye kundin da suke kwafe abin da suka karanta. Masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, ya buga tsarinsa a 1686: fihirisa mai shafi biyu a farkon kundi, kowane harafi an raba shi gida biyar bisa wasalin da ya fara biyo shi. Dabara ce mai kyau, sai dai ɗinkakken kundi yana da aibi guda. Idan shafi ya cika ba a iya cusa sabon tunani tsakanin tsofaffi biyu.

Kati ne ya warware wannan. Lokacin juyin juya halin Faransa, gwamnati ta ƙwace littattafan majami'u da gidajen ibada, a 1791 kuma ta ba da umarni a rubuta bayanin kowane littafi a bayan katin karta, wanda a lokacin fari ne fes, ga araha, ga girma ɗaya. Littafi ɗaya kati ɗaya, ana iya jerawa, a warware, a sake jerawa. A 1876 kuma Melvil Dewey na Amurka ya fito da tsarin lambobinsa mai manyan rukunai 10. Kafin shi lambar littafi takan nuna kantar da yake a kai, da laburare ya faɗaɗa sai a sake lambobi. Shi kuwa ya ɗaura lambar a kan fannin da littafin ke magana a kai.

Wanda ya kai kati ƙarshen iyakarsa shi ne Paul Otlet, lauya ɗan ƙasar Beljiyam. A 1895 shi da abokinsa Henri La Fontaine suka fara tara bayanin duk abin da aka taɓa bugawa a duniya, a birnin Brussels. Ra'ayin Otlet shi ne a fasa littafi, a ciro kowane bayani a ajiye shi a katinsa shi kaɗai, a ba shi lambar fanni. Zuwa shekarun 1930 katunan sun haura miliyan 12. Mutum yana iya aiko da tambaya ta gidan waya daga wata ƙasa, ya biya kuɗi, ma'aikata su buɗe durowoyi su kwafo masa amsa. A 1934 gwamnati ta rufe ginin, a 1940 sojojin Jamus suka kwashe kayan suka lalata da yawa, shi kuma ya rasu a 1944. Ragowar katunan suna gidan tarihi a garin Mons. Tsarin Otlet gida ne da aka zana taswirarsa tun kafin baƙi su iso, duk abin da ya zo dole a sama masa ɗaki a cikin ɗakunan da aka riga aka gina.

AKWATIN LUHMANN

A watan Yulin 1945 wani injiniyan Amurka, Vannevar Bush, ya rubuta maƙala a mujallar The Atlantic yana ƙorafin cewa fihirisar fanni-fanni ba ta dace da yadda tunanin ɗan Adam ke tafiya ba, domin shi tunani daga wannan yake tsallakawa zuwa wancan saboda wata alaƙa. Ya siffanta wani tebur da ya kira memex, wanda mai shi zai riƙa ɗaure takarda da takarda yana shata turba. Ba a taɓa ƙera teburin ba, amma mahaɗan da muke latsawa a intanet jikokinsa ne.

Wanda ya aikata wannan tunani da biro da takarda shi ne Niklas Luhmann, masanin zamantakewa ɗan Jamus, wanda aka haifa a 1927 ya rasu a 1998. Ya fara aiki a matsayin ma'aikacin gwamnati, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bielefeld. Daga farkon shekarun 1950 zuwa dab da rasuwarsa ya rubuta katuna kusan 90,000, ya jera su cikin durowoyin katako, da taimakonsu kuma ya fitar da littattafai sama da 50 da ɗaruruwan maƙaloli.

Ga yadda akwatin ke aiki. Kowane kati yana ɗauke da tunani guda, da lamba a samansa wadda ba ta canzawa har abada. A ce ya rubuta kati na 12 da na 13, bayan shekara biyu wani tunani ya zo masa mai alaƙa da na 12. Sai ya ba sabon katin lamba 12a ya cusa shi a tsakani. Idan wannan ma ya yi reshe, ya zama 12a1. Da haka akwatin ke girma ta ciki, ba tare da an sake wa kowa lamba ba. Sannan a jikin kati yakan rubuta lambobin wasu katuna da ke can wata durowa, waɗanda ke da dangantaka da shi. Irin riƙon hannun da muka gani a gafaka ke nan, sai dai a nan falle ɗaya yana iya riƙe da hannuwa da yawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne fihirisarsa. Babban akwatinsa na biyu yana da katuna sama da 60,000, amma fihirisar kalmomi kusan 3,200 ne kawai a cikinta, kuma kowace kalma katuna kaɗan take nunawa, galibi ba su wuce huɗu ba. Bai damu ya lissafa duk inda wani batu ya fito ba. Ƙofar shiga kaɗai yake bukata, daga nan mahaɗai su ja shi ciki. Ya kuma san haɗarin tsarin: katin da aka ajiye ba tare da wani kati na nuna shi ba, ya ɓata ke nan, ko da yana nan cikin durowa.

DA KWAMFUTA TA KARƁI AIKIN

Binciken kwamfuta ya fara ne da daidaita kalma da kalma. A 1972 Karen Spärck Jones ta Jami'ar Cambridge ta nuna cewa kalmar da ba ta cika fitowa ba ta fi nauyi wajen nemo takarda. Kalmar "da" tana cikin kowane rubutun Hausa, ba ta nuna komai, amma "gafaka" tana nuna hanya. Raunin wannan bincike shi ne, wanda ya nemi "rasuwa" ba zai kamo jimlar da ta ce wane ya riga mu gidan gaskiya ba. Daga baya aka samo dabarar mayar da kalma ko sakin layi zuwa dogon jerin lambobi, ta yadda masu ma'ana kusa za su zauna kusa da juna. Aikin da Tomas Mikolov da abokansa suka fitar a Google a 2013 ya yaɗa wannan dabara.

A 2020 Patrick Lewis da abokan aikinsa a sashen bincike na Facebook suka haɗa wannan da manhaja mai rubutu. Suka yayyanka Wikipedia zuwa guntaye miliyan 21, kowanne kalma 100, idan tambaya ta zo sai a ɗebo 'yan guntayen da suka fi kusa da ita a ɗora a kan allo kafin manhaja ta amsa. Katunan Otlet ne suka dawo, ma'aikacin durowa ne kawai ya sauya.

A watan Afrilun 2023 masu bincike daga Stanford da Google suka gina wani ɗan gari a cikin kwamfuta, suka zuba 'yan aike 25. Kowannensu yana rubuta duk abin da ya gani ko ya yi, da lokacin da ya faru. Idan zai yi wani abu, ana auna kowane abin tunawa da ma'auni uku: yaushe aka taɓa shi a ƙarshe, mene ne muhimmancinsa daga 1 zuwa 10, kuma yaya alaƙarsa da halin da ake ciki. Lokaci-lokaci kuma ɗan aike yakan tsaya ya dubi tarin ƙananan bayanansa ya fitar da taƙaitaccen hukunci ya ajiye. An sa wa ɗaya daga cikinsu niyyar shirya liyafa, labari ya bazu baki da baki, wasu suka tuna suka halarta a kan lokaci.

A Oktoban wannan shekara wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da MemGPT. A nan an ware wani ɗan ɓangare na allo da ba a wankewa, inda ake rubuta abubuwan da dole a sani kullum, kuma ɗan aiken da kansa ke gyara shi. Sauran bayanai suna rumbu, shi zai je ya nemo. Idan allo ya kusa cika ana yi masa gargaɗi, ya yi maza ya kwashe muhimman abubuwa ya adana. A farkon 2025 kuma aka fitar da wani tsari mai suna A-MEM, wanda masu shi suka faɗa ƙarara cewa daga akwatin katuna irin na Luhmann suka ɗauko shi: kowane sabon bayani ya zama kati, a ɗaura shi da 'yan uwansa.

Duk da waɗannan dabaru, abin da masu rubuta manhaja da yawa suka fi amfani da shi a aikin yau da kullum mai sauƙi ne ƙwarai. Fayil ne na rubutu zalla, mai suna irin su AGENTS.md ko CLAUDE.md, wanda ɗan aike ke karantawa duk lokacin da zai fara aiki. Shawarar da ake ta nanatawa ita ce a bar shi gajere, ya faɗi ƙa'idojin da ba sa canzawa, sauran kuma ya nuna sunan fayil ɗin da suke. Da Kalimakus zai gan shi, da ya gane ɗan uwan allunansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai ciwon da har yanzu ake jinya, wato tsohon bayani. A ce marubuciya ta sauya wa jarumarta suna daga Hafsatu zuwa Rabi a babi na 12. Idan duka bayanan biyu suna rumbu, bincike zai kamo su tare tunda ma'anarsu kusa take, ɗan aike kuma bai san wanne ne ya soke wanne ba. Mafi muni, idan ya rubuta kuskure a fayil ɗin da yake karantawa kullum, zai riƙa tashi da shi kowace safiya a matsayin gaskiya. Shi ya sa masu tsara rumbun ke sa wa kowane bayani kwanan wata da inda aka samo shi, su gyara tsohon maimakon su tara sabo a kansa, su kuma riƙa sharar rumbu lokaci-lokaci.

MU KUMA FA?

Wannan tarihi namu ne ko da ba mu taɓa buɗe wata manhaja ba. Da yawanmu muna rubuta labari mai dogon zango, babi 60 ko 100, muna sakinsa kullum a WhatsApp ko Wattpad. Mun sha karanta labarin da ƙanin miji ya koma yayan miji a tsakiyar tafiya, ko yarinyar da aka haifa da damina ta yi bikin zagayowar haihuwarta da hunturu. Makaranta suna lura, kuma daga nan amincewa take fara raguwa. Ƙwaƙwalwar marubuci ita ma allo ce.

Abin da muka tsinta daga magabatan nan ba shi da tsada. Kowane labari ya samu shafi guda a gaba, wanda za mu karanta kafin mu fara rubutun ranar: sunayen taurari, dangantakarsu, shekarunsu, garin da suke, da shekarar da labari ya fara. Kada ya wuce shafi ɗaya, domin ranar da ya zama goma za mu daina karanta shi. Kowane tauraro kuma ya samu nasa katin ko fayil ɗin, da lambar babin da aka faɗi kowane abu game da shi. Lambar babi ta tsaya, idan muka cusa sabo tsakanin 12 da 13 mu kira shi 12a har sai an gama littafi. Idan muka sauya wani abu mu koma katin mu gyara, mu sa kwanan wata. Sunan fayil kuma ya faɗi abin da ke ciki, domin "sabo na ƙarshe 2" ba zai tuna mana komai ba bayan wata shida. Wanda ke aiki da manhaja, wannan shafin farko shi zai liƙa mata a duk sabuwar hira, sai mahaifin marainiya ya daina tashi daga kabari.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu kai tsaye. Kalma ɗaya muna rubuta ta iri uku: ƙasa, k'asa, kasa. Binciken da ke daidaita harafi da harafi yana ɗaukarsu kalmomi uku ne dabam. Wanda ya nemi "baƙi" a fayil ɗin da aka rubuta "baki" ba zai samu komai ba, wanda kuma ya nemi "baki" zai kwaso bakin magana da baƙin launi da baƙin da suka zo daga nesa a kwando ɗaya. Duk lokacin da muka sa wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyarsu, muna ba wa kalmominmu adireshi ne. Haka sunayen mutane: mu zaɓi Muhammad ko Muhammadu ko Mamman ga tauraro guda, mu tsaya a kai.

Sannan mu tuna da Ibnun Nadim. Littattafan Hausa da aka buga a Kano da kewaye daga 1987 zuwa 2002 sun samu masu jera su, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess, a wani littafi da ya fito a Jamus a 2004. Labaran da muke saki a waya yau sun fi waɗancan saurin ɓacewa, waya ɗaya ta faɗa ruwa ko a rufe zaure guda, shi ke nan. Ƙungiyoyinmu na marubuta suna iya fara jera su tun yanzu: sunan labari, sunan mai shi, shekarar da aka fara da wadda aka gama, yawan babi, da jimlar farko. In ba haka ba, mai bincike nan gaba zai koma neman allura cikin ruwa.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki labarin da yake kan rubutawa ya haɗa masa shafin farko irin wanda muka bayyana, kada ya wuce kalma 300. Wanda ya ci karo da saɓani a labarinsa yayin haɗawa, ya zo ya ba mu labari mu ƙaru da juna. Allah Ya ƙara mana basira, Ya albarkaci alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.